Takardun da Yaya Bai Kwance Ba

Shafi na 19

Salamu alaikum mutanena. Kwana biyar shiru, na sani, kuma duk na ga saƙonninku, har da na wadda ta tambaya ko mutuwa na yi. Ban mutu ba baiwar Allah, gajiya ce ta yi mini rubdugu. Ke kuma da kika rubuto cewa in kashe Auta kowa ya huta, na karanta, na sha ruwa, na wuce. Labarin mutum nake bayarwa. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ban ɗaure ƙafar kowa ba.

Sababbin shigowa, ku matso in taƙaita muku. An haifi Auta an raɗa mata sunan maza, amma tun tana ƙarama a mace ta san kanta, a haka kuma take rayuwa tun da ta bar gidan iyayensu. Wata tara da suka wuce wasu suka tare ta a tashar mota, suka yi mata duka, suka yayyaga mata kaya, suka ɗauka a waya suka watsa. Washegari shagon gyaran gashin da take aiki ya sallame ta. Tun daga ranar ba ta ƙara taka bakin titi ba. Yayanta mai gyaran firji ne ya ɗauko ta ya ba ta ɗakinsa na ciki. Da abin ya tsananta, ba barci ba ci, shi ya je asibitin ƙwaƙwalwa ya buɗe kati da sunanta na takarda. Duk wata shi yake zuwa ya zauna a bencin maza, a kira sunan ya amsa kamar shi ne marar lafiyar, ya karɓo mata magani. Ita kuma kafin ya tafi takan rubuta masa abin da take ji a takarda, ya haddace a hanya, ya faɗa wa likita.

To yau ma ranar asibiti ce.

*

Sau shida Auta tana kai zare bakin allura, sau shida yana kaucewa.

Ta ajiye. Ta matse hannun dama da na hagu ta danne a cinya, amma rawar ba ta tsaya ba. Rigar da tela ya aiko a jera mata duwatsun ado tana nan shimfiɗe tun shekaranjiya, ko wuya ba a gama ba. Aikin da a da take gamawa kafin shayi ya huce.

Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, gwiwar hannunta ta bugi gwangwanin allurai. Suka watse a ƙasa.

"Wayyo ni," ta ce a hankali. Ko ƙarfin jin haushi ba ta da shi.

Daga banɗaki Yaya ya ɗaga murya. "Me ya faɗi?"

"Allurai."

"Kar ki taka. Akwai maganaɗisu a akwatin aikina, ki ja su da shi."

Ta rarrafa zuwa bakin ƙofa inda akwatin ƙarfen yake. Ta ɗaga murfi. Sukurdireba, filaya, guntayen waya, ba maganaɗisu. Ta ɗaga farantin sama don ta duba ƙasa.

Nan ta gan su.

Takardu huɗu a ninke, kowace an ɗaure ta da zare. Ja, kore, ruwan goro, fari. Ragowar zaren aikinta ne. Ƙullin ma nata ne, irin wanda take yi sau biyu sannan ta ƙone bakinsa da ashana. Ba wanda aka kwance ko ɗaya.

Ta zauna daɓas a ƙasa, cikin alluran.

Yaya ya fito yana goge kai da tawul, ya riga ya sa rigarsa ta zuwa asibiti.

"Ina takardar yau? Ba ni in wuce, kin san in na makara layi ya..."

Maganar ta maƙale. Ya kalli hannunta, ya kalli akwatin.

"Yaya."

"Na'am."

"Mene ne wannan?"

"Tashi daga cikin allurai tukuna."

"Na ce mene ne wannan?"

Ya rataya tawul a ƙofa. Ya gyara shi. Ya sake gyara shi, kamar tawul ɗin ne ya yi tambayar.

"Mantuwa ce."

"Sau huɗu?"

"Ai na san abin da ke damunki. Ba sai na karanta ba."

"To faɗa mini."

"Me?"

Ta ɗaga mai koren zare. "Ta watan jiya ce wannan. Faɗa mini abin da ke ciki."

"Rashin barci. Mafarkai. Faɗuwar gaba."

"Barci nake yi kamar gawa, Yaya. Wata uku ke nan. Sai ka fita ka dawo ina kwance. Kai da bakinka kake cewa na zama ragguwa."



Ta kai zaren baki ta tsinke da haƙori, don yatsunta ba za su iya ba. Ta buɗe takardar. Tana karkarwa a hannunta har ana jin ƙararta.

"Saurara. 'A gaya wa likita hannuna yana rawa tun da aka canza ƙwayar. A gaya mata harshena yana nauyi. Ina tashi jiri ya kwashe ni, na faɗi a banɗaki sau biyu.'" Ta kai layin ƙarshe. "'A gaya mata akwai safiyar da nake buɗe ido in ji haushin na farka.'"

"Innalillahi," in ji Yaya. Ya dafa bango. "Auta, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa maka! Ga shi nan, a ƙarƙashin filaya!"

Wallahi ni mai ba ku labarin nan, duk son da nake yi wa Yaya, a wannan wurin ba ni da abin da zan kare shi da shi.

Auta ta ajiye takardar a cinya. Muryarta ta sauka.

"Wata huɗu da suka wuce ka dawo da sabuwar ƙwaya. Ka ce likita ta ƙara ƙarfi. Na sha. Watan da ya biyo ka ce ta sake ƙarawa. Na sha. Duk abin da ka miƙo mini sha nake, ko takardar jikin ba na dubawa. To in ba takarduna kake karanta mata ba, me kake gaya mata har take ƙarawa?"

"Bari in je in dawo, ma yi magana."

"Ba inda za ka."

"Lokaci na wucewa."

"Ya wuce. Me kake gaya mata?"

Ya rufe akwatin aikinsa ya zauna a kai. Namiji ƙato, wanda ke saɓa firji a baya ya hau bene da shi, sai ga shi ya naɗe wuri ɗaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Da farko naki nake faɗa," ya ce. "Wallahi naki. Ina haddacewa a mota kamar ɗan makaranta. Sai wata rana ta ajiye biro ta kalle ni, ta ce, malam, kana faɗa mini ciwon nan kamar mai karanta jarida. Ka bar abin da ka shirya, ka gaya mini daren jiya yaya ka kwana."

"Sai?"

"Sai na gaya mata."

"Daren wa?"

"Nawa."

Auta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Naka."

"Ba wanda ya taɓa tambayata, Auta. Wata biyar lokacin ba wanda ya ce mini yaya ka kwana. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce mata ba na barci sai in zauna a bakin gado har a yi kiran salla. Na ce mata in ina aiki a gidan mutane na ji an yi dariya a bayana, sai in ji kamar in ɗauki guduma. Na ce mata rannan na naushi ƙofar firjin wani har ta lotsa."

"Ka ce mini faɗuwa ta yi."

"Ƙarya na yi."

"Ta auna ka?"

"Duk zuwa ana hawa sikeli."

"Ka dube ni, ka dubi kanka. Ka yi biyuna. Maganin mutum irinka, mai naushin firji, shi nake haɗiya wata huɗu?"

"Ban yi tunanin..."

"Ba ka yi ba."

"Na ɗauka duk ciwo ɗaya ne. Abu ɗaya ne ya same mu. Na ce abin da zai yi mini zai yi miki."

Ta ɗago kai a hankali.

"Abu ɗaya ya same mu?"

Ya kau da kai.

"Ni aka daka a tasha, Yaya. Kai kana wurin aiki. Sai yamma ka zo ka same ni a gadon asibiti. Mene ne ya same ka?"

Can waje wani mai babur yana ta danna ham. Maƙwabciya tana yi wa 'ya'yanta faɗan makara. Cikin ɗakin kuwa ba ka jin komai sai takardar da ke karkarwa a cinyar Auta.

"Ina wurin," ya ce.

"Ina?"

"A tashar."

"Ban gane ba."

"Na sauko daga mota da akwatin nan a hannu. Na ga taro, na ji ihu. Na ɗauka ɓarawo aka kama. Na leƙa ta kafaɗar wani." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Takalminki na fara gani. Mai ruwan zuma, wanda na kai aka sa wa dunduniya."

Ya ci gaba.

"Sun fi talatin. Ƙafata ta ƙi tafiya. Wallahi na ce mata ta tafi ta ƙi. Sai wani da ke kusa da ni, waya a hannunsa, ya juyo ya ce, malam, na ga kana kallo da yawa, ko ka san ɗan daudun ne?"

"Me ka ce?"

"Auta..."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ban san shi ba."

Ta gyaɗa kai. Ta sake gyaɗawa, kamar an gaya mata kuɗin mota.

"Na juya na tafi. Na je gidan da aka kira ni, na kwance musu injin firji na mayar, na sha ruwan da suka ba ni. Sai da aka kira ni a waya aka ce kina asibiti sannan na zo, na yi kamar yanzu na ji." Muryarsa ta fashe. "Abin da nake gaya wa likita ke nan. Duk wata. Ta san ina da ƙanwa da aka yi wa duka a gabana. Ba ta san ƙanwar ce mai katin ba."

Kun san me ya fi ba ni tausayi? Auta ba ta yi kuka ba. Na so ta yi, ta yi ihu, ta jefe shi da gwangwani. Amma wanda aka cika wa ciki da maganin da ba nasa ba, ko hawayen ma nauyi suke yi masa.

"Ranar nan," ta ce, "ina ƙasa ina kiran sunanka a zuciyata. Ina cewa da Yaya yana nan da ba su isa ba. Da wannan na riƙe raina har aka ɗauke ni. Wata tara kuma da shi nake kwana."

"Ki yafe mini."

"Ban ce ka yi magana ba."

Ya rufe baki.

"Ban san ko da ni ce a tsaye da na shiga ba. Mutum talatin ba wasa ba ne. Wataƙila da ka shiga da gawa biyu aka kwasa. Wannan zan iya juya shi a raina, ko ba yau ba." Ta tattara takardun huɗu ta haɗa. "Amma waɗannan ba mutum talatin a kansu. Kai kaɗai ne a mota, ga takarda a aljihu. Zare kawai za ka ja."

"Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"In buɗe in ga kin rubuta kin gan ni."

Sai yanzu ta kalle shi sosai. Ta ga idanun da suka faɗa, ta ga furfurar da ba ta nan bara, ta ga tabon da ke bayan hannunsa. Ba ta ji tausayi ba, ba ta kuma ji ƙiyayya ba. Gajiya kawai ta ji, irin wadda ke sauka har cikin ƙashi.

"Ban gan ka ba," ta ce. "Idona a rufe yake."

Ya sa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Ta bar shi ya yi. Da ya ɗan lafa ya ɗago.

"Yau zan gyara. Ba ni su duka, in karanta mata ɗaya bayan ɗaya. In ce duk ni ne."

"Ka ce hannunka na rawa? Ta ce miƙo, ka miƙa mata wannan hannun da ko gezau ba ya yi?"

"To in gaya mata gaskiya."

"Ta ce ina marar lafiyar?"

"In ce ba ta iya fita."

"Ta rufe fayil ɗin, ta ce ba ta rubuta magani ga wanda ba ta gani ba. Kuma ta yi daidai. Daga nan fa? In ci gaba da wannan ya ƙarasa ni, ko in daina rana ɗaya in koma yadda ka tsince ni?"



Auta ta dafa gado ta miƙe. Jiri ya ɗebe ta, ta riƙe ƙarfen taga har ya wuce. Allura ɗaya ta maƙale a zaninta, ta cire ta ajiye.

"Ina katin?"

"Me za ki yi da shi?"

"Nawa ne ko ba nawa ba?"

"Auta, ba ki san wurin nan ba. Ɗakin jira ɗaya ne, bencin maza nan, na mata can, suna kallon juna. Nas tana tsayawa a tsakiya ta ƙwala sunan mutum har da na uba. Sunan da ke kan katin nan za ta ƙwala. A gaban mutum sittin."

"Na sani. Shi ya sa wata tara nake aika ka."

"Kowa na da waya a hannu."

"Na san wannan ma, fiye da kai."

"To me ya sa..."

"Saboda na gaji, Yaya. Na gaji da ɗakin nan. Na san yawan tsagar da ke jikin silin. Na ba da aikina, na ba da titi, na ba da taga. Ciwona kaɗai ya rage mini, shi ma ashe wani ne yake zuwa yana ba da nasa a madadinsa." Ta miƙa hannu, yana rawa. "Ba ni."

Ya zaro katin daga aljihun gaba. Ya yi laushi, gefensa ya naɗe saboda zama a aljihu. Ya sa mata a tafin hannu.

"Zan raka ki."

"Ka raka ni. Amma in an kira, kar ka tashi."

*

Sai da ta yi minti goma a bakin ƙofar gida kafin ta iya sa ƙafa waje. Doguwar riga baƙa, mayafi har goshi, takunkumi a fuska. Rana ta dake ta a ido, ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Yaya ya tare tasi, ya ce wa direba su biyu ne kawai, kar ya ɗauki kowa.

Ya roƙi direba ya bi ta baya. Direba ya ce ana gyaran hanyar, dole sai ta gaban tasha.

Da suka iso wurin Auta ta kifa kai a bayan kujerar gaba. Ta ji muryoyin masu kiran fasinja, ta ji warin man mota. Ta shiga ƙirga numfashi. Yaya ya miƙo hannu zai dafa ta, ya tsaya a hanya, ya mayar.

"Mun wuce," ya ce bayan ɗan lokaci.

Ba ta ɗago ba sai a ƙofar asibiti.

Ɗakin jiran yadda ya faɗa yake. Fanka ɗaya ke aiki, ita ma da ƙyar. Benci uku na maza, uku na mata, fili a tsakiya, ƙofar likita a can ƙarshe. Auta ta jefa katin a kwandon da ke teburin nas, ta wuce bencin mata ta zauna a ƙarshe, jikin bango. Wata dattijuwa ta matsa mata.

"Sannu 'yata. Yau kika fara zuwa?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Kar ki damu, likitar tana da kirki. Ni shekarata uku. Hannun ne yake miki haka? Ki gaya mata, ni ma ya taɓa yi mini, ta rage ya daina."

Auta ta runtse ido. Magana ɗaya ce ashe. Wata huɗu tana zubar da allura a kan magana ɗaya.

A ɗaya ɓangaren Yaya ya zauna inda ya saba. Wani mai jar hula, wanda ranarsu take haɗuwa duk wata har sun saba, ya miƙo masa hannu.

"Mai firji! Yau ka makara. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Ina fa sauƙi, ka ga idonka kuwa? Kai dai ka riƙa shan maganin nan, na lura kamar ba ya kama ka."

Yaya ya gyara zama. Idonsa na kan ƙarshen bencin mata.

Aka kira mutum na farko. Na biyu. Na bakwai. Awa ɗaya da rabi. Duk sunan da aka ƙwala sai kafaɗar Auta ta zabura. Sau biyu ta kalli ƙofar fita. Sau ɗaya har ta ɗaga jiki, dattijuwar ta ce, "Banɗaki? Yana hagu," ta koma ta zauna.

Sai nas ta ɗauko katin mai naɗaɗɗen gefe.

Ta ƙwala sunan, har da na uba.

Jikin Yaya ya tashi da kansa, sabo. Ya kai rabi ya tuna, ya koma ya zauna.

Nas ta kalle shi. "Malam, kai fa nake kira."

Ya sunkuyar da kai.

"Ikon Allah. Yau kuma kurumta ce?" Ta sake ƙwalawa, da ƙarfi fiye da na farko.

Mai jar hula ya zungure shi. "Tashi mana, kai ne."

A ƙarshen bencin mata, Auta ta dafa bango ta miƙe.

"Ga ni," ta ce. Muryar ba ta fita ba, takunkumi ya cinye ta.

"Baiwar Allah zauna, ba a zo kanki ba," in ji nas.

Auta ta sa yatsa ta janye takunkumin zuwa haɓa.

"Katina ne. Ni ce."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Dattijuwar ta ɗaga kai tana kallonta, baki buɗe. Wata mata ta janye ɗiyarta jikinta. Daga bencin baya wani ya ce, "Kai, tsaya, wannan fuskar..." wani ya amsa, "Wallahi shi ne, na tashar nan, na ga bidiyon."

Auta ta fara takawa. Taku ɗaya, biyu. Filin tsakiyar bai fi taku goma sha biyu ba, amma ita gani take kamar ba zai ƙare ba.

Mai jar hula ya zaro waya. Ya ɗaga, ya saita. Yana murmushi ya karkato wajen Yaya ba tare da ya sauke hannu ba.

"Mai firji, ya aka yi sunanku ɗaya? Ko ka san shi ne?"

Yaya ya ji ƙafarsa ta yi sanyi, irin sanyin ranar.  Ya kalli Auta a tsakiyar fili, takardu huɗu a dunƙule a hannunta suna rawa, ba ta ko waiwayo ta nemi taimakonsa ba.

Ya miƙe.

"Ƙanwata ce."

"Me ka ce?"

"Na ce ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya!" Har bangon ya amsa. Ya taka ya tsaya tsakanin wayar da Auta, faɗin bayansa ya rufe ta. "Katinta ne. Ni ne na yi ƙarya wata tara. Sauke wayar nan."

"In na ƙi fa?"

Hannun Yaya ya dunƙule, wanda ya lotsa ƙofar firji.

"Yaya," in ji Auta daga bayansa, ba ta juyo ba. "Kar ka taɓa shi. In ka taɓa shi ba za a gan ni ba yau."

Ya saki yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bai matsa daga wurin ba.

Nas ta riga ta tare ƙofar likita da jikinta, katin a ƙirji. "Ba wanda zai shiga. Ni wannan mutumin na sani da katin nan, ban san wata ba. Wannan ai zamba ce, ku mayar da asibiti wurin wasa?"

"Ki duba hannuna," in ji Auta. Ta ɗaga shi sama, kowa na gani. "Maganinsa nake sha. Don Allah minti biyar kawai."

Ƙofar ta buɗe daga ciki.

Likita ta fito, tabarau a goshi, fayil a hannu. Ta kalli Yaya, mutumin da ya yi wata huɗu yana kuka a kujerarta a kan ƙanwar da ya ce bai sani ba. Ta kalli Auta. Ta kalli hannun da ke rawa, ta daɗe a kansa. Sannan ta kalli wayar da har yanzu take sama.

Ta rufe fayil ɗin.

"Wace ce mai sunan nan?"

"Ni ce," in ji Auta.

Likita ta sauke tabarau zuwa ido. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Nas," ta ce, "kira mini masu gadi. Yanzu."

Wa za a fitar, Auta ko mai wayar, sai mun haɗu a shafi na gaba.